Yadda Jarmai Gagare Ya Sauko da Mu daga Dutsen Numfashi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya rarraba harsunan mutane kamar yadda ya rarraba kamanninsu, nake buɗe wannan labari. Ku matso kusa, domin ba irin labarin da ake ɗaga murya a kansa ba ne. Ni ne Mantau ɗan Nomau, wanda ya bar garinsu don neman sanin harsuna, ya kuwa same su, har ya kai ranar da ya gwammace a ce bebe aka haife shi.

Tun ina saurayi ba ni da sha'awar gona ko fatauci. Abin da ke faranta mini rai shi ne baƙo ya yi magana in gane abin da ya ce. Saboda haka na ɗauki sanda da gora na nufi gabas. Na ratsa Ƙasar Jan Yashi, inda rairayi ke gudu kamar kogi, sai mutum ya ɗaura faifai a tafin ƙafa kafin ya haye. Na zauna da mutanen Kurmin Tsit, waɗanda ba sa magana sai da fito, don itatuwansu na ƙin yin 'ya'ya idan suka ji muryar ɗan Adam. Daga nan na faɗa ramukan gishiri na Zarho, inda na yi aiki tare da wani tsoho mai ido ɗaya, ɗan ƙabilar Gurmaza. Ina ɗaukar masa kaya, yana koya mini harshensu. Harshe ne mai kaushi, kamar ana jan dutse a kan dutse. Don nishaɗi kawai na koye shi.

A Zarho na ji labarin Birnin Tamburma, can ƙetaren Tafkin Madubi, inda aka ce akwai gidan masana da suka tara harsunan duniya. Na shiga babban jirgin ruwa tare da fatake, da wasu mata masu dawowa daga biki, da wani dattijo majemi mai suna Baba Shekarau, wanda ke komawa gida da ƙirgin shanu. Shi ya matsa mini na zauna, ya gutsura mini ƙuli-ƙulinsa.

Muna tsakiyar tafki sai ƙananan kwale-kwale suka fito daga cikin kainuwa suka kewaye mu. Mutanen cikinsu sun shafe jiki da toka, suna ihu da harshen da na sani. Gurmaza ne. Suka ɗaure mu, suka kai mu gindin wani dutse da ya miƙe daga cikin ruwa sambal kamar bango, suka jawo mu sama a cikin kwanduna.

Sunan wurin Dutsen Numfashi. Kullum idan rana ta take tsaka, dutsen yakan fitar da farin hayaƙi daga tsagoginsa, mai yaji kamar an zuba barkono a wuta. Da zarar ya soma, sai Gurmaza su shige wani babban kogo su ja ƙofar dutse su rufe, su bar 'yan gadi kaɗan da suka rufe fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Mu kuwa a waje suka ajiye mu, cikin wani shinge irin na awaki, muna tari muna hawaye har hayaƙin ya lafa.

Shugabansu, Hargo, ƙato ne mai sanyin murya. Abin da yake so shi ne Magajin Tamburma, mai mulkin birnin, ya sako ƙanensa da ke tsare a can. Da ya tsaya gabanmu yana bayani babu wanda ya gane, sai wata mata ta fashe da kuka, wani ɗan gadi ya ɗaga mashi a kanta. Na ce da Gurmazanci, "Kada ka soke ta, tsoro take ji."

Hargo ya juyo ya dube ni. Daga ranar na zama bakinsa.

Suka sa mini ƙarfe a wuya, suka ɗaure sarƙar a wani turke kusa da ƙofar kogon. Suna ba ni nama, sauran suna cin dusa, kuma a gabansu ake tilasta mini in ci. Duk zagin da Hargo ya yi musu, daga bakina yake fita. Abin da ya fi muni shi ne ranar kasuwa. Duk ranar kasuwar Tamburma da ta wuce ba amsa, Hargo yakan nuna mutum ɗaya da yatsa, ni kuma in ce masa, da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi, "Tashi, kai ne." Sai a kai shi bakin dutse a tura.

Mutanen shingen suka daina duban fuskata. Idan na yi sallama ba mai amsawa. Baba Shekarau kaɗai ke matsowa jikin shinge ya yi mini magana.

"Ɗana, ka ci abincinka," in ji shi. "Bakinka suka ara, ba su ari zuciyarka ba. In ba don kai ba, da da mashi za su riƙa yi mana bayani."

"Baba, ina jin kunyar haɗa ido da kai."

"To ka dubi ƙasa, ni zan riƙa dubanka."

Ana nan sai Gurmaza suka kamo wani mutum shi kaɗai a cikin kwale-kwale, da tulunan zuma. Gajere ne, mai furfura a gemu, bakinsa kullum a buɗe, yawu na zuba. Da aka tambayi sunansa sai ya ce Dolo, ya fashe da dariya, ya rungumi ƙafar Hargo yana kiransa kawu. Abin ya ba Hargo dariya ƙwarai, ya ce wannan ba na turawa ba ne, na wasa ne. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka ajiye shi kusa da ni. Da yamma sukan sa shi ya yi tafiyar biri, ni kuma in riƙe igiyar ina yi masa kirari, su suna sheƙa dariya, mutanen shinge suna kallo.

Wata rana hayaƙi ya taso, Gurmaza sun shige, ina kwance na cusa fuska cikin riga, sai na ji murya a kunnena, a natse, ba alamar wauta a cikinta.

"Malam Mantau, kada ka ɗago. Sunana Gagare. Ni ne jarmai na 'yan kundumbalar Tamburma."

Na taɓa jin sunan a jirgi. An ce su ne mutanen da Magaji ke aikawa inda runduna ba ta iya shiga.

"Ƙanen Hargo ya rasu da zazzaɓi tun kafin saƙonsu ya iso," in ji shi. "Ba abin da za a ba su. Ranar da suka sani, duk za su zubar da ku. Mutanena suna tafe ta bayan dutse, inda ba a gadi don an ɗauka ba mai iya hawa. Za ka iya kwaikwayon muryar Hargo?"

"Na fi kowa saninta, ranka ya daɗe."

"Kada ka ƙara ce mini haka. Dolo nake har sai na ce maka na daina."

"Yaushe za su iso?"

"Sai na ga alama a kan ruwa. Kafin nan, komai ya faru, ba ka san ni ba."

Alamar ba ta zo ba sai da ranar kasuwa ta riga ta. Da safe Hargo ya fito, ya tsaya gaban shinge, ya yi ta yawo da yatsa kamar mai zaɓen rago. Yatsan ya tsaya a kan Baba Shekarau.

Bakina ya ƙi buɗewa. Hargo ya ja sarƙar har na durƙusa. Sai Baba Shekarau ya miƙe da kansa, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Bar shi, ɗana, na gane. Ba sai ka faɗa ba."

Na saci kallon Gagare. Na san akwai wuƙa a ɓoye cikin ƙullin igiyar ƙugunsa, na san tsakaninsa da maƙogwaron Hargo bai fi taku biyu ba. Hargo ya dube shi ya ce, "Dolo, yi wa baƙonmu rakiya da rawa." Sai jarman Tamburma ya tashi ya yi tsalle, ya tafa hannu, ya yi dariya har da faɗuwa ƙasa, yayin da suke tafiya da dattijon zuwa bakin dutse. Baba Shekarau bai yi ƙara ba. Ƙarar ruwa kawai muka ji, can ƙasa.

Yinin nan ban yi wa Gagare magana ba, shi ma bai yi mini ba. Da aka kawo mini nama, na ga yana kallon tafki, yawu na zuba a gemunsa kamar kullum, amma ya damƙi wani dutse har jini na fita ta tsakanin yatsunsa.

Washegari da hantsi wasu fararen balbelu suka tashi daga cikin kainuwa gaba ɗaya, ba tare da wani abu ya kore su ba. Gagare ya ce a hankali, "Yau ne."

Rana ta take, dutse ya soma numfashi. Hargo da jama'arsa suka shige kogo, aka ja ƙofa. Hayaƙi ya yi kauri har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Gagare ya taɓa kafaɗata. Na cika ƙirji da wannan iska mai yaji, na sassauta murya irin ta Hargo, na ce da Gurmazanci, "Masu gadi, ku shigo. Hayaƙin yau mai kisa ne. Ku bar awakin nan su mutu."

Da yake a bakin kogo nake ɗaure, sai suka ɗauka daga ciki muryar ta fito. Suka rugo suna tari, suka buga ƙofa, na ciki suka buɗe musu kaɗan, suka kutsa. Kafin a gane cewa ba wanda ya kira su, Gagare ya riga ya yanke igiyarsa, ya tura ƙofar da kafaɗa ya cusa wani turmi a gindinta.

Sai na ji ƙarar farce a kan dutse. Wasu irin damo suka leƙo daga bakin dutsen, kowane ya kai girman bijimi, an ɗaura musu igiyoyi a ƙugu. A fadamun Tamburma ake kiwonsu, kuma idan suka kafa farce a dutse, ko mutum goma suka rataya ba sa saki. A bayansu 'yan kundumbala suka hauro, fuska a rufe, ba mai cewa uffan. Wasu suka danne ƙofar kogo da sandunan ƙarfe, wasu suka yanke shinge.

Ban taɓa ganin mutum ya sauya kamar yadda Gagare ya sauya ba. Bakin nan ya rufe, bayan nan ya miƙe. Ba ya ɗaga murya, da yatsa yake nuni, mutanensa suna gudu. Mata aka fara saukarwa a kwandunan Gurmaza, sannan marasa lafiya, sannan sauran. Yana tsaye a bakin dutse yana taɓa kan kowa kafin ya sauka, yana cewa, "Kada ka dubi ƙasa, dubi igiya."

Ni kaɗai na rage, da ƙarfe a wuya. Mabuɗin yana wurin Hargo. Hayaƙi ya soma sirancewa, ƙofar kogo na girgiza saboda dukan da ake yi mata daga ciki. Mataimakin Gagare, wani dogo mai suna Cindo, ya ce, "Jarmai, lokaci ya ƙure. Akwai wata kafa a saman kogon, sun soma fitowa ta can."

"Ku sauka," in ji Gagare. "Bar mini guduma da damo ɗaya."

Na ce, "Jarmai, ka tafi. Waɗanda ka sauke ma ba za su tambaye ka ina nake ba."

"Ban hau dutsen nan don in zaɓi wanda zan bari ba. Kwantar da wuyanka a kan turken."

Ya yi ta dukan sarƙar. Kibiya ta farko ta faɗi kusa da ƙafata, ta biyu ta kafe a turke. Da sarƙar ta tsinke na yunƙura in tashi, sai ƙafafuna suka ƙi, saboda daɗewar da na yi a durƙushe. Ya saɓe ni a baya kamar jariri, ni da na fi shi tsawo, ƙafafuna na jan ƙasa. Ya sa hannun dama ya tare bayan kaina. A wannan hannun kibiyar ta shiga. Na ji ƙarar shigarta a jikin kunnena.

Da hannu ɗaya ya kama igiya, damon ya juya ya gangara da mu, kibau na wucewa ta sama. Da muka faɗa cikin jirgin da ke jiranmu a gindin dutse, hannun ya riga ya yi baƙi har gwiwa, don kibiyar da dafi. Cindo ya duba, ya dubi Gagare. Gagare ya cusa gefen rigarsa a baki ya gyaɗa kai. A gabanmu aka sare hannun.

Aka tuƙa jirgi muka nufi Tamburma. Can wata mata daga cikin waɗanda aka ceto, wadda aka tura mijinta tun ranar kasuwa ta farko, ta dube ni a karo na farko, ta ce, ba da ƙarfi ba, "Saboda wannan aka yi asarar hannun?"

Ni ma a zuciyata tambayar da nake yi ke nan.

A Tamburma an tarye mu da ganguna da guɗa. Na zame daga cikin taron tun a bakin ruwa. Gidan masanan da na ƙetare duniya dominsa, na wuce ta ƙofarsa ban shiga ba. Na samu wani kango a bayan marina na fake, ina ɗebo wa masu rini ruwa suna ba ni abinci. Na bar su suka ɗauka ba na jin harshensu, don kada a tambaye ni ko ni wane ne.

Bayan wasu makonni, ina ɗauke da tulu, na ga mutum tsaye a bakin kangon, hannun rigarsa na dama a naɗe. Na sauke tulun na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Tashi, Malam Mantau," in ji Gagare. "Na sha wahalar nemanka."

"Jarmai, da wane ido zan dube ka?"

"Don hannu? Na tafi da mutane da yawa wurare irin wannan, wasu ba su dawo da kai ba ma. Ba shi ke hana ni barci ba." Ya zauna a kan wani dutse. "Magaji ya ba ni alkyabba. Maroƙa na bin gidana. Ni kuwa duk sanda na rufe ido, tafin da na yi nake ji. Da na soke Hargo ranar, da sun kashe ku duka kafin mutanena su iso, na sani. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma dattijon nan, abin da ya gani na ƙarshe a duniya shi ne ni ina yi masa rawa."



"Matarsa tana unguwar majema," in ji shi. "Inna Gwamma. Ba wanda ya gaya mata yadda abin ya kasance. Na je ƙofar gidan na dawo, na sake zuwa na dawo. Na hau Dutsen Numfashi ni kaɗai, amma wannan zauren ya gagare ni. Ka raka ni."

Muka tafi. Gida ne ƙarami, warin jima na tashi, ga fatun da Baba Shekarau ya bari a shanye ba wanda ya taɓa. Inna Gwamma ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta soma yi wa Gagare godiya. Ya ɗaga hannunsa ɗaya ya tsayar da ita.

"Inna, ki ji tukuna, sannan ki ga ko godiya ta dace."

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba: wuƙar da ke ƙugunsa, da kusancinsa da Hargo, da rawar, da dariyar. Ni ma na faɗa mata aikin da bakina ya yi a dutsen, da yadda mijinta ya miƙe da kansa don ya sauƙaƙa mini.

Ta daɗe tana kallon fatun nan. Sannan ta ce wa Gagare, "Ya san ko kai wane ne?"

"Bai sani ba, Inna. Wawa ya ɗauke ni."

"To bai tafi da haushinka ba. Maigidana bai taɓa jin haushin wawa ba." Ta share ido da bakin zane. "Sauran fa, ka sauko da su?"

"Duk wanda na tarar da rai ranar, ya sauko."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji motsin kwanuka. Ta fito da tuwon dawa da miyar kuka a akushi ɗaya, ta ajiye a tsakaninmu.

"Ban ce na ji daɗin abin da kuka gaya mini ba," in ji ta. "Watakila gobe in kasa amsa gaisuwarku. Amma tun da aka kawo mini labari nake tuƙa tuwon mutum biyu, hannuna ya ƙi koyon na mutum ɗaya. Ku ci."

Gagare ya dubi akushin. Bai riga ya saba ci da hagu ba, lomar farko ta suɓuce masa ta faɗi a kan tabarma. Na gutsuro wata, na tsoma a miya, na sa masa a tafin hannu. Muka ci kanmu a sunkuye, tana zaune tana kallonmu, har muka ga ƙasan akushi.

Nan na tsaya da wannan labari. Wanda ya ji, ya yi wa Baba Shekarau addu'a kafin ya tashi.